"Actuar": Kalmar Sifaniyanci da ya kamata matasan Zango su sani kafin su sa hannu a takarda

Wani daren Laraba bayan sallar isha'i, ina zaune ina duba littattafan ɗalibaina, sai saƙo ya shigo mini ta WhatsApp. Ɗan yayata ne, wanda ya bar Aboabo shekara huɗu da suka wuce. Yanzu yana yankin Almeriya a kudancin Sifaniya, yana aiki a cikin rumfunan ledar nan da ake noman tumatir da tattasai ana kai wa kasuwannin Turai. Hoton wata takarda ya turo, sai saƙon murya ya biyo baya. Ya ce, Kawu, don Allah ka nemo mini wanda zai karanta wannan, an ce wai an rufe fayil ɗina, ni kuma ban san laifin da na yi ba.

Takardar gajera ce, layi biyar ko shida, sa hannunsa yana ƙasa. A tsakiyarta akwai waɗannan kalmomi: para que actúe en mi nombre. Na tambaye shi, lokacin da ka sa hannu, me ka fahimta? Ya ce ya saka kalmar actúe a manhajar fassara ta waya, sai ta ba shi kalmar Turancin da mu a nan muka fi sani a harkar fim, wato abin da yara ke cewa aktin. Yaron da ya tashi yana kallon finafinan Kumawood da na Kano, da ya ga haka sai ya ɗauka maganar banza ce ta cika takarda. Mutumin da ya kawo masa ita, wanda ya karɓi kuɗi don ya taya shi neman izinin zama, shi ma ya ce masa cika ƙa'ida ce kawai.

Ashe abin da ya sa wa hannu shi ne: na ba wane izini ya tsaya a madadina, ya yi aiki da sunana. Tun daga ranar duk wasiƙar da ofis zai aiko, hannun wancan mutumin take zuwa. Ofis ya nemi a kawo wata takarda da ta rage, ya ba da wa'adin kwana goma kamar yadda dokar can ta tsara. Mutumin bai faɗa masa ba, bai kuma kai komai ba. Wa'adi ya wuce, aka rufe fayil. Kuɗi sun tafi, kusan shekara guda ta jira ta tafi, sai dai a sake sabon lale.

Dattijon da ya karanta mini

Ni malamin makaranta ne, amma Sifaniyanci ba na jin ko "zo in kashe ka" a lokacin. Washegari na ɗauki wayar na nufi Asawase wurin wani dattijo da na san ya yi karatu a Kuba yana yaro. Ga waɗanda ba su sani ba, a shekarar 1983, zamanin Jerry Rawlings, Ghana ta fara tura ɗaruruwan yara zuwa wani tsibiri na Kuba da ake kira Tsibirin Matasa, suka yi sakandare a can da Sifaniyanci, wasu suka zarce har jami'a. Da yawansu sun dawo likitoci da injiniyoyi da masana aikin gona. A 2012 ma an sake tura ɗalibai kimanin 250 su karanto aikin likita. Saboda haka masu jin wannan harshe suna nan a cikinmu, sai dai ba ma neman su.

Dattijon ya sa tabarau ya karanta, ya girgiza kai. Ya ce mini, Ticha, wannan kalma ba ta wasa ba ce, duk da cewa da ita ake faɗin wasa. Ya ɗauko biro ya rubuta mini asalinta a bayan wata takardar magani: actuar. Daga wannan zama na fara zuwa wurinsa duk ranar Asabar, kuma abin da na koya game da wannan kalma ɗaya shi nake so in raba da masu karatu.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

Mu a Hausa mun raba abubuwa. Aikata abu daban, hali daban, wasan kwaikwayo daban. Ba za ka ce likita yana wasa ba alhali yana ceton rai, ba kuma za ka ce ɗan fim yana ɗaukar mataki ba alhali yana gaban kyamara. Sifaniyanci ya tattara waɗannan duka a cikin actuar, wadda ta samo tushe daga kalmar Latin mai nufin yi ko aikatawa. Abin da ke kewaye da ita a cikin jimla shi ke nuna wace ma'ana ake nufi.

Ma'ana ta farko ita ce ɗaukar mataki. Idan aka ce hay que actuar ya, ana nufin dole a tashi a yi wani abu yanzu, ba gobe ba. Magani ma ana faɗa masa ita. El medicamento actúa en media hora, wato maganin yana fara aiki cikin rabin awa. Duk wanda zai je asibiti ko kantin magani a can zai gamu da ita.

Ta biyu ita ce hali, yadda mutum yake gudanar da kansa. Actúa como un niño, yana yin abu irin na yara. Actuó de buena fe, ya yi da kyakkyawar niyya, babu mugun nufi. Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a gaban alƙali. Sai dai dattijon ya ja kunnena cewa a maganar gida, idan uwa za ta ce wa ɗanta ya natsu, ba actuar take amfani da ita ba. Pórtate bien take cewa, daga kalmar portarse. Akwai kuma comportarse, ita ma ta hali ce.

Ta uku ita ce wadda ɗan yayata ya sani, fitowa a fim ko dandamali ko wurin waƙa. Actúa en una película, yana fitowa a wani fim. Daga nan aka samu actor, jarumi, da actriz, jaruma. Finafinan soyayyar Meziko masu dogon zango da iyayenmu mata suka daɗe suna kallo a talabijin, asalinsu da wannan harshe aka yi su kafin a ɗora musu muryar Turanci. Idan kuma mutum yana kukan ƙarya ko yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba, ana iya cewa está actuando, wato fim yake yi mana.

Ta huɗu ita ce ta ofis da kotu, ita ce kuma ta kama yaronmu. Actuar en nombre de, tsayawa a madadin wani. Lauya yana yin haka, wakili yana yin haka. Duk takardar da ka ga waɗannan kalmomi a cikinta, to ka sani iko kake miƙawa. Wakilci ba laifi ba ne, mu ma a aure da ciniki muna da wakili. Amma ba ka naɗa wakili ba tare da ka san ka naɗa shi ba.

Sunan da aka ciro daga kalmar, actuación, shi ma haka yake yawo. Ranar da Mohammed Salisu, haifaffen Kumasi, ya yi wasa mai kyau a lokacin da yake tsaron baya a Real Valladolid, abin da mai sharhin ƙwallo zai kira shi ke nan, una gran actuación. Da wannan kalma dai ake cewa actuación policial, wato yadda jami'an tsaro suka gudanar da aikinsu. Ita aka yi ta muhawara a kai bayan abin da ya faru a shingen Melilla ranar 24 ga Yunin 2022, inda aƙalla mutum 23 suka mutu suna ƙoƙarin tsallakawa daga Maroko. Ka ga kalma ɗaya, ta je filin ƙwallo, ta je bakin kabari.

Ɗan ɗigon da ke sauya magana

Abin da ya fi burge ni a matsayina na malami shi ne ɗan karan nan da ake ɗorawa a kan wasali. Aikatau a Sifaniyanci kashi uku ne, masu ƙarewa da ar, da er, da ir, kuma ƙarshen kalmar ne ke nuna wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi. Ga yadda actuar take a halin yanzu: actúo, ina yi, actúas, kana yi ko kina yi, actúa, yana yi ko tana yi, actuamos, muna yi, actuáis, kuna yi, actúan, suna yi. Wanda ya yi karatu a Kuba ko Meziko ba ya amfani da actuáis, shi actúan yake cewa ko da "ku" yake nufi. A Sifaniya kuwa za ka ji ta kullum.

Yanzu duba waɗannan biyun: actúo da actuó. Haruffansu ɗaya ne, wurin karan ne kawai ya bambanta. Ta farko ana danna murya a kan u, ak-TU-o, ma'anarta ni ina yi. Ta biyu ana danna ƙarshe, ak-TWO, ma'anarta shi ya yi, an gama. A gaban ɗan sanda ko alƙali, tsakanin "ni nake yi" da "shi ya yi" ai akwai tafiya mai nisa. Haka kuma actué da actúe. Ta farko tana nufin na yi. Ta biyu, wadda ke cikin takardar ɗan yayata, ba labarin abin da ya faru take bayarwa ba. Izini ko buri ko umarni take ɗauka: domin ya yi, ko a bar shi ya yi.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe tsoro ba, domin mu ma da shi muke magana kullum. Gari da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo, a rubutun boko ɗaya suke, amma ko yaron goye ba ya rikita su a baki. "Ya tafi" na cewa mutum ya riga ya wuce, da "ya tafi" na cewa a ƙyale shi ya wuce, rubutu ɗaya ne, murya ce ta raba su. Mu muna barin mai karatu ya gane da kansa, su kuma suna sa masa alama. Kunnen da ya saba da hawa da saukar muryar Hausa da na Tuwi ba zai sha wahala a nan ba. Wanda kuma ya riƙe actuar ya samu 'yan uwanta a kyauta, domin continuar, ci gaba, da evaluar, aunawa, da situar, ajiyewa a wuri, duk haka suke juyawa.

Akwai wani abin da ya ƙara sa na ji harshen ba baƙo ba ne. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga 711 har zuwa faɗuwar Garnada a 1492, wato Andalus da muke ji a wurin malamai, kuma sun bar dubban kalmomin Larabci a bakin mutanen. Azúcar sukari ne. Aceituna zaitun ne. Hasta ita ce hatta. Alcalde, wanda yanzu yake nufin magajin gari, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Idan kuma Basifane yana fatan wani abu sai ya ce ojalá, wadda ta fito daga maganar Larabci mai jingina al'amari ga nufin Allah. Bayanta siffar buri ce ke biyowa: ojalá actúe bien, Allah ya sa ya yi abin kirki.

Wace "actuar" muke yi?

Da na daɗe ina juya kalmar, sai na ga ai labarin tafiyar yaranmu ne a dunƙule. Kowa ya san yadda abin yake a majalisun ataya na Sabon Zango da Alabar da Akwatia Line. Ana shan shayi ana duba waya, sai ga hoton wane a Barcelona, ya jingina da mota mai ƙyalli, ga tabarau ga takalmi. Ba wanda zai tambaya motar ta wa ce. Ba wanda ya ga ɗakin da suke kwana su takwas, ko zafin rumfar leda a watan Agusta. In ya samu ya zo gida da salla, ya zama boga, dole ya yi kashe kuɗin da zai nuna ya isa, ko da bashi ne. Wannan actuar ce ta ma'ana ta uku, fim, kuma ƙannensa ne ke sayen tikitin kallo da rayukansu.

Ɗan yayata ma ya yi. Hotunan da yake turo wa uwarsa ba su taɓa nuna rumfar tumatir ba. Da na tambaye shi dalili, ya ce ba ya so hankalinta ya tashi. Na yarda da shi, ba duka ne riya ba, wani tausayi ne, wani kunya ce. Amma sakamakon ɗaya ne ga yaron da ke kallo daga Sawaba yana lissafin sayar da babur ɗinsa.

Alƙaluman hukumomin Sifaniya sun nuna fiye da mutum 46,000 ne suka isa tsibiran Kanari ta kwalekwale a 2024, bayan kusan 40,000 a 2023. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙirga fiye da mutum 10,000 da suka mutu ko suka ɓace a hanyoyin ruwan zuwa Sifaniya a 2024 kaɗai. Yawancin masu bin hanyar Kanari daga Mali da Senegal da maƙwabtansu suke, amma hamada da teku ba sa tambayar fasfo.

Wani lokaci kuma tafiyar ce da kanta take tilasta wa mutum wasan. Iñaki Williams, ɗan wasan Athletic Bilbao da ya fara buga wa Black Stars a 2022, ya faɗa wa 'yan jarida da bakinsa yadda iyayensa 'yan Ghana suka ratsa Sahara, wani wurin a ƙafa, suka haura shingen Melilla mahaifiyarsa tana ɗauke da cikinsa. Bayan an kama su, wani lauya ya ba su shawara su yaga takardunsu su ce daga Laberiya suke, inda ake yaƙi a lokacin. An haife shi a Bilbao a 1994, kuma an daɗe ana rubuta cewa asalinsa Laberiya ne. Ƙanensa Nico ya ci wa Sifaniya ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2024. Labarin ya ƙare da daɗi, shi ya sa muka ji shi. Waɗanda nasu ya ƙare a cikin rairayi, ba wanda ya yi hira da su.

Abin da za mu iya yi

Ba na cikin masu cewa kada kowa ya fita. Zango kansa matafiya ne suka kafa shi, kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro daga Kano da Sakkwato da Katsina, ta Salaga, har suka sauka Kumasi. Amma bafataken da ya san abin da yake yi ba ya shiga kasuwa sai ya iya ƙirga kuɗi da gaisuwa da harshen masu ita. Kakanninmu sun koyi Tuwi da Dagbani da Gwanja ba tare da allo ko manhaja ba.

Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutum kusan miliyan 500, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko ba ka bar Ghana ba yana da amfani a aikin fassara da yawon buɗe ido da ciniki da harkar ƙwallo. Wuraren koyo ma akwai. Cibiyar Harsuna ta Ghana, wadda Kwame Nkrumah ya kafa a 1961, tana da rassa a Accra da Kumasi da Tamale, kuma Sifaniyanci yana cikin harsunan da take koyarwa. Jami'ar Ghana da ke Legon tana koyar da shi, tare da Larabci. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, ta buɗe reshe a Dakar a 2021.

Wanda ya riga ya isa can kuwa, harshen ba ado ba ne. Mai neman zama ɗan ƙasa daga irin ƙasashenmu, bayan shekara goma na zama bisa doka, sai ya ci jarrabawar harshe ta DELE a matakin A2, da wata ta sanin tsarin mulki da al'adun ƙasar. Tun kafin a kai nan, kwangilar aiki da takardar haya da wasiƙar asibiti duk da shi ake rubuta su.

Shawarata uku ce. Ta farko ga matasa: kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, kuma kada ka fassara kalma ɗaya tilo a waya ka ce ka gane. Saka jimlar gaba ɗaya, sannan ka nemi mutum na biyu wanda ba shi da riba a cikin maganar ya karanta maka. Ta biyu ga waɗanda ke Turai: ku ji tsoron Allah a kan hotunan da kuke turowa. In ba za ka iya nuna wahalar ba, to kada ka ari motar wani. Ta uku ga shugabanninmu, limamai da sarakunan Zango da masu makarantu: azuzuwanmu suna zama a kulle daga la'asar har safiya, ga kuma dattawan da suka yi Kuba suna zaune a cikinmu. Aji ɗaya na yamma, sau biyu a mako, ba zai gagare mu ba.

Ɗan yayata ya sake shigar da takardunsa, wannan karon da kansa, kuma ya shiga ajin dare na kyauta da ake yi wa baƙi a garin da yake. Makon jiya ya turo mini hoto, a cikin rumfar tumatir, gumi ya jiƙa masa riga. A ƙasa ya rubuta actúo, karan yana kan u daidai inda ya kamata. Na nuna wa uwarsa. Ta yi shiru, ta share ido, sannan ta ce in gaya masa ya riƙa shan ruwa da yawa.

Allah ya tsare mana yaranmu a duk inda suke, ya sa ayyukanmu su dace da abin da ke cikin zukatanmu.